Tambaya da Amsa: Adon Ɗaki na Lokacin Kaka

Tambaya: Na ɗinka kabewar yadi don adon tebur, amma ta fito kamar ƙwallo, babu tsagar nan ta jikin kabewa. Ina gyaran yake?

Amsa: 'Yar'uwa, a duba yankan tukuna. Tsawon yadin ya ninka faɗinsa, misali santimita 40 da 20. Ki haɗe gajerun gefunan biyu da ɗinki, ki tattare ƙasan ki ɗaure, ki juya, ki cusa auduga, sannan ki tattare saman. Kada ki danƙare audugar, in ta yi tauri zare ba zai nutse ba.

Tsagar kuwa aikin doguwar allura ce da zare mai kauri. Ki soka ta tsakiya daga sama ta ɓullo ƙasa, ki zagayo ta waje, ki sake sokawa a ramin farko, ki ja sosai har yadin ya lotsa. Sau shida ko takwas ya isa. Zaren keke ɗaya tsinkewa yake yi a nan, sai an ruɓanya shi huɗu. Yadi mai santsi ma ban so shi ba, zamewa zaren yake yi. A ƙarshe ki manna guntun icen kirfa a sama ya rufe ramin.

Tambaya: Ganyayen da na yanka suna zazzarewa a baki.

Amsa: Ki manna yadi biyu, ruwan lemo da ruwan ƙasa, da gam ɗin yadi mai fuska biyu, irin wanda zafin guga ke narkarwa, ki goge da dutsen guga. Bayan ya huce sai ki yanka siffar ganyen.