Amsa kan yadda zafi da matsi suke canza kaurin ruwan folima

Ɗan'uwa, ka tambayi wanne ya fi tasiri a kan kaurin ruwan da aka narkar da folima (wato sinadari mai dogayen ƙwayoyi masu kama da sarƙa, irin su roba) a cikinsa, zafi ko matsi. A mafi yawan yanayi zafi ne a gaba.

Ƙwayoyin folima dogaye ne, suna sarƙewa da juna kamar zaren da ya cukurkuɗe, kuma wannan sarƙewar ce take hana ruwan gudana da sauri. Idan zafi ya ƙaru, ƙwayoyin suna samun ƙarfin motsi, sararin da ke tsakaninsu yana buɗewa, sai su riƙa zamewa cikin sauƙi. Shi ma ruwan da ya narkar da su yana tsinkewa, domin kaurin ruwa zalla a digiri 60 na ma'aunin Salshiyos bai kai rabin kaurinsa a digiri 20 ba.

Matsi kuwa yana rage wannan sararin, saboda haka yana ƙara kauri, amma da yake ruwa ba ya matsuwa da sauƙi, sai matsin ya ninka na iskar da muke shaƙa sau ɗaruruwa kafin bambancin ya fito fili, kamar a rijiyoyin mai masu zurfi.

Abin da nake ganin ya kamata ka kiyaye shi ne, ba kowace folima ce take bin wannan ƙa'ida ba. Ruwan metilselulos, alal misali, yana daskarewa ne idan aka ɗumama shi sosai, sa'an nan ya sake narkewa idan ya huce. Don haka ka auna kaurin naka ruwan a daidai zafin da za ka yi aiki da shi.