Me ya sa fastocin finafinan kimiyya suka koma kama ɗaya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko idonka ne, ko kuwa da gaske fastocin finafinan ƙagaggen labarin kimiyya na yanzu duk kamarsu ɗaya. Wallahi ba idonka ba ne. A jera kawunan 'yan wasa, babban tauraro a sama, a watsa shuɗi da ruwan lemo, shi ke nan. Wani lokaci yarjejeniyar ɗan wasa ce ke ƙayyade girman fuskarsa da inda sunansa zai zauna, mai zane ba shi da ta cewa. Ga kuma waya: dole a gane hoton ko da ya ƙanƙance.

Amma dubi fastar Alien ta 1979. Baƙi ƙirin, ƙwai ɗaya a tsakiya ya tsage, wani koren haske na tsiyayowa. Babu fuskar kowa, amma gabanka sai ya faɗi. Haka ta The Thing ta 1982, wadda Drew Struzan ya zana da hannu: mutum cikin rigar sanyi, haske ya cinye fuskarsa. Ni irin waɗannan nake so, domin suna ɓoye dodon, su bar ka da son shiga silima ka gani.