Komawa Masar cikin tawagar ɗalibai: amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka. Ka ce ka taɓa zaman karatu a Alƙahira shekarun baya, yanzu kuma sashenku ya shirya wa ɗalibai tafiya Masar, kana ta jinjina ko ka bi su ko ka riƙe kuɗinka, tunda a ganinka duk inda za a kai su ka riga ka taka. Ka kuma tambaya ko za a bari ka zame ka je ka gaida mutanenka. Ni ma na zauna a can, daga baya na koma cikin masu raka ɗalibai, don haka ga abin da na gani.

Shawarata ka je. Sai dai ka sa a ranka tun kafin a hau jirgi cewa tafiyar ta tawaga ce, kai kuma ɗaya ne daga cikinsu. Duk wanda na ga ya sha wahala a irin wannan tafiya, abin da ya ja masa shi ne ya ɗauke ta a matsayin komawarsa shi kaɗai, sauran ɗalibai kuwa 'yan rakiya.

Mu fara da maganar "na riga na sani". Alƙahirar da ke cikin kanka ta tsufa, kuma garin bai jira ka ba. In ka baro kafin 2021, ka san gawawwakin fir'aunoni suna gidan tarihin dandalin Tahrir, wanda aka buɗe tun 1902. To a watan Afrilun 2021 aka kwashe guda 22 aka mayar da su sabon gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ. Kayan kabarin Fir'auna Tutankamun kuwa suna babban gidan tarihin da aka gina kusa da dalolin Giza, wanda aka yi bikin buɗe shi a Nuwamban 2025. Layi na uku na jirgin ƙarƙashin ƙasa ya ratsa Zamalek ya tsallaka Nilu, har ya kai Jami'ar Alƙahira a 2024. Ofishin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, da tsofaffin ɗalibai suka sani a Mugamma, babban ginin gwamnatin nan na dandalin Tahrir, ya koma unguwar Abbasiyya tun 2019. Ma'aikatun gwamnati da dama sun tare a sabon birnin mulki da ke gabas da garin. Har agogo ma, tun 2023 aka dawo da ƙara awa ɗaya a lokacin zafi, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba.

Kuɗi kuwa kar ma ka ɗauko maganarsa. An karya darajar fam ɗin Masar a Nuwamban 2016, aka sake yi a Maris 2024, inda dalar Amurka ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50 cikin yini guda. Duk farashin da ka haddace ya mutu. Na ga tsohon ɗalibi ya tsaya yana ta musu da direban tasi a gaban yara, yana rantsuwa cuta ce, alhali mutumin kuɗin yau ya faɗa. Yaran kuma suka ɗauka gaskiyar tana wajen nasu, suka shiga yi wa kowane ɗan kasuwa kallon macuci har aka dawo. Wannan ɓarna ce babba, kuma da kyakkyawar niyya aka yi ta.

Akwai kuma abin da mu da muka zauna ba ma son amsawa. Ɗalibin da ya yi shekaru a gari, abin da ya sani shi ne hanyar ɗakinsa zuwa aji, da masallacin unguwa, da shagon littafi, da tashar da yake hawa mota. Tambayi waɗanda suka zauna a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar 'yan ƙasashen waje, ko unguwar Hayyul Ashir, mutum nawa ne suka taɓa shiga masallacin Ibn Ɗulun? An kammala shi a 879, kuma hasumiyarsa mai matakala ta waje, wadda take zagaye ta kamar ta Samarra a Iraƙi, babu irinta a garin. Mutum nawa ne suka tsaya a makarantar Sulɗan Hasan, wadda aka fara ginawa a 1356, aka nuna musu yadda aka ware wa kowace mazhaba cikin huɗun nan sashenta? Da yawa sun yi salla a Azhar ba adadi, amma ba su taɓa bin titin Mu'izz a ƙafa daga Babul Futuh zuwa Bab Zuwaila tare da wanda zai ce musu wannan ginin daular Faɗimawa ne, wancan na daular Mamluk, wancan na Turkawan Usmaniyya ba. Mazaunin gari kullum cewa yake yi gobe zai je, har ranar da zai ɗaure kaya.

Wannan shi ne ribar tawaga, kuma kai za ka fi kowa cin ta. Sabon zuwa idonsa cike yake da hayaniyar titi da yawan jama'a, rabin bayanin ɗan jagora, wato mai zagayawa da baƙi, wucewa yake yi ta saman kansa. Kai ka gama da wannan tun tuni. In aka ce Jauhar, kwamandan Faɗimawa, shi ne ya aza harsashin Azhar a 970, ko Salahuddin ya fara gina ƙal'a, wato sansanin tsaro mai ganuwa, a 1176, ko masallacin Amr ɗan Aas shi ne na farko a ƙasar, kana da taswirar da za ka ɗora maganar a kai, ka san me ke gabas da me. Sannan takardar makaranta tana buɗe ƙofofin da mutum shi kaɗai ba zai samu ba: zama da malaman wani sashe, shiga ɗakin rubutattun littattafai, zagaye na musamman a ɗakin karatun Iskandariyya da aka buɗe a 2002. In akwai irin waɗannan a jadawalinku, su kaɗai sun biya kuɗin tafiyar.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Da zarar an ji ka taɓa zama, za a ce da ɗan gari akan ci gari, a naɗa ka tafinta ba tare da an tambaye ka ba. Wannan yana son layin waya, wancan cikinsa ya ɓaci yana neman kantin magani, wata tana son a yi mata cinikin tsaraba a kasuwar Khan Halili, wani ƙarfe goma sha ɗaya na dare zai ƙwanƙwasa maka ƙofa a kan yana son canji. Kwana biyun farko abin zai yi maka daɗi, don kowa na son a ce ya iya. Daga nan sai ka ga kowa yana kallon gini kai kana kallon mutane.

Taimako ba laifi ba ne, amma a yi shi da ƙa'ida. Ka je wajen jagoran tawaga tun kafin tafiya ka ce, "Ranka ya daɗe, na taɓa zama a can, ina jin yaren, in ana buƙatata ga ni." Daga nan duk abin da za ka yi ya bi ta hannunsa. Kada ka karɓi kuɗin kowa da sunan za ka canjo masa a wajen wani da ka sani. Kada ka riƙe fasfon kowa. Kada ka ja yara biyu ko uku ku fita da dare don ka nuna musu unguwarku ta da. Dalili shi ne, makaranta ce ta ɗauki alhakin kowane ɗalibi a gaban iyayensa da kamfanin inshora, kuma jagoran ne ya sa hannu. In aka dawo lafiya ba wanda zai tuna, in kuwa wani ya ɓata ko aka yanke masa aljihu, sunanka ne zai shiga rahoto. Haka nan in ɗan jagoran da aka ɗauka ya faɗi abin da kake ganin ba daidai ba ne, ka same shi gefe. Mutumin lasisi gare shi kuma da wannan aiki yake ci, gyara masa magana a gaban ɗalibai ba ya ƙara maka komai, tafiyar ce kawai za ta yi tsami.

Harshe zai dawo maka da sauri fiye da yadda kake zato. Amma in akwai masu koyon Larabci cikin tawagar, ka bar su su yi ta fama da bakinsu. Sun biya kuɗi ne don su ji yadda Larabcin aji yake cin karo da na titi. In kai ne kake amsa kowace tambaya kafin su buɗe baki, ka cinye musu darasin.

Sai kuma bakinka. "Lokacinmu ba haka yake ba", "wannan ai ba komai ba ne, ku bari ku ga wancan", "nan ai na gaji da zuwa". Ka haɗiye su. Wanda bai taɓa ganin dalar Khufu ba, wadda ta haura shekara 4,500 a tsaye, yana da haƙƙin ya yi mamakinsa ba tare da wani a kujerar baya yana faɗa masa abin da zai gani a gaba ba. A gaskiya ma kallon fuskokinsu a wannan lokacin yana daga abin da ya fi yi mini daɗi a tafiyar rakiya.

Batun gaida mutanenka: ana iya yi, amma a nemi izini tun ana tsara jadawali, a rubuce, da sunan unguwar da lokacin dawowa. Yawancin irin waɗannan tafiye-tafiye suna da yammaci ɗaya ko yini ɗaya na hutu, shi za ka nema. Ka zaɓi gida ɗaya ko biyu, malaminka ko wanda ya riƙe ka da gaske, sauran kuma ka gayyace su su same ka a zauren otal bayan isha'i, wanda ya fi sauƙi ga kowa. Kada ka sanar da zuwanka a Facebook, don in kowa ya ji, wanda duk ba ka je wajensa ba zai riƙe ka a zuci. Kuma ka tuna cunkoson garin. Akwai wani da ya ce awa ɗaya zai yi a unguwar Madinat Nasr da safe, a ranar da bas za ta tashi zuwa Iskandariyya, tafiyar kilomita 200 da 'yan kai. Mutum arba'in suka zauna cikin mota suna jiransa, ziyarar ƙal'ar Ƙaitbay ta faɗi daga jadawali, kuma har aka dawo ba wanda ya ƙara yi masa magana da sakin fuska.

Ka shirya zuciyarka kuma. Wasu sun tashi, wasu sun rasu, mai shagon da kake zato zai rungume ka wataƙila sai ka tuna masa ko kai waye. Abin yana da ɗan ciwo, kuma ba za ka samu lokacin zama da shi ba, don ƙarfe bakwai na safe bas tana jira.

Takardu a gaggauce. Tsohuwar iƙamarka ba ta da amfani yanzu, bizar da za a nema wa kowa ita za a nema maka. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Ka tafi da tsohon fasfon da ke ɗauke da tambarin zamanka na da, kuma in ka san akwai wata matsalar wuce wa'adi da ba a warware ba lokacin da ka fito, ka faɗa wa jagora yanzu, kada ta fito a filin jirgi ta tsayar da jama'a. Ka riƙe katin shaidar ɗalibi, don ana rage kuɗin shiga wuraren tarihi da shi, da katin banki mai aiki a waje, don manyan wuraren da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi a ƙofa. Ka ja kunnen abokanka kan ɗaukar hoton jami'an tsaro da gine-ginensu, kuma kar wanda ya saka jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi cikin jaka.

In kuwa ka duba zuciyarka ka ga kewar mutane ce kaɗai take jan ka, jadawalin bai dame ka ba, to wannan ba tafiyarka ba ce, ka tara kuɗin ka je kai kaɗai. Hanya ta tsakiya ita ce ka nemi a raba maka tikitin dawowa ka ƙara kwanaki bayan tawaga ta tashi. Wannan sai an yi maganarsa kafin a sayi tikitin rukuni, don canja shi daga baya yana da wuya, kuma makaranta za ta so ka sa hannu cewa daga ranar alhakinka ya bar wuyanta. Ka duba kuma kwanakin bizar sun kai.

In sun ba ku jadawalin, turo shi mu gani, sai in nuna maka ranar da ta fi dacewa ka nemi izinin fita. Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya.