Me Ya Sa Kwanson .257 Roberts Ya Yi Ɓatan Dabo?

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa kwanson .308 Winchester da na .223 Remington suke ko'ina, amma na .257 Roberts an yi wata da watanni ana nema babu. Kwanso shi ne gidan tagulla da ke riƙe albarushi da kan harsashi, wanda akan sake cikawa a harba, waɗannan sunaye kuwa ire-iren harsashi ne. Ba tagulla ce ta ƙare ba. Haɗinsu duka ɗaya ne, jan ƙarfe kashi 70, tutiya kashi 30. Matsalar tana wajen injin.

Kafin kamfani ya buga kwanson wani harsashi, sai ya tsayar da layi, ya kwance ƙarafunan da ke jan tagulla da matse ta, ya ɗaura wasu, a saita, a gwada. Duk sa'ar da injin ya yi a tsaye asara ce. To wa zai dakatar da harsashin 6.5 Creedmoor da ake wawaso a kansa don .257 Roberts, wanda kamfanin makamai na Remington ya fitar tun 1934, masu shi kuma sai raguwa suke yi? Shi ya sa irin waɗannan akan buga su tashi ɗaya a rufe, wani lokaci shekara ta zagayo ba a waiwaye su ba. A 2020, da aka yi rububin harsashi a Amurka, Remington kuma ta durƙushe, irin waɗannan harsasai aka fara ajiyewa gefe.

Saboda haka ranar da ka gan shi, kada ka ce sai gobe. Saya da yawa, kuma bugu ɗaya, don kaurinsu ya zo daidai.

In babu, nemi uwarsa. .257 Roberts daga 7x57 Mauser aka cire shi, an matse wuyan ne kawai, kamar yadda .35 Whelen yake .30-06 da aka buɗa wa wuya. Amma a nan nake so ka nutsu. Wuyan da aka matse yakan ƙara kauri, in ya yi yawa zai shaƙe kan harsashin a cikin bindiga, ƙarfin fashewa ya wuce ƙima. Auna kauri, auna tsawo, ka rage. Sannan tambarin gindinsa zai ci gaba da cewa 7x57. Rubuta ainihin sunan a jikin akwati da manyan baƙi, ka ware shi daban, don wata rana wani zai karanta gindin ya yarda da shi.

Wanda ke hannunka kuwa, lallaɓa shi. Gasa wuya da kafaɗa lokaci-lokaci don kada su tsage, amma wuta kada ta kusanci gindi, in ya yi laushi kwanson ya tashi daga aiki. Lanƙwasa bakin siririyar waya ka zura ciki, ka karce bangon a hankali. In ka ji ta faɗa wani ɗan kwari kusa da gindi, ko ka ga zobe mai sheƙi ta waje, yana shirin rabewa ne. Murƙushe shi da filaya ka yar, komai tsadarsa.