Amsoshin tambayoyinku: hutun mata da miji a bakin tekun Malaga ta ƙasar Sifaniya lokacin sanyi

Wannan makon duk saƙonnin da suka shigo min kusan maganar tafiya ce, ban san me ya faru ba, ko dai arahar tikitin hunturu ce ta tayar muku da tsumin yawo. Na zaɓi biyar.

*Anti, ni da maigidana muna Manchester, ya samu hutun kwana biyar ƙarshen Nuwamba, tunda muka yi aure ba mu taɓa fita mu biyu ba. Mun ga tikitin Malaga da araha sosai har abin ya ba ni tsoro. Mu je ko akwai wata a ƙasa? Kuma za mu iya shiga ruwa?*

Ku je 'yar'uwa, babu wata a ƙasa. Arahar ta zo ne don Turawa sun gama hutun bazararsu tun Agusta sun koma aiki, otal-otal sun zama wayam shi ya sa suka karya farashi. Ni a ganina ma wannan lokacin ya fi dacewa da irinmu, ba cunkoso, ba zafin nan mai sa mutum ya rasa inda zai sa kansa, kuma ba za ki yi ta kawar da kai kina salati a bakin teku ba don masu kwanciya ba kaya sun ragu ƙwarai. Amma ki ji ni da kyau, rana daban zafi daban. Da rana garin yana kaiwa digiri 17 zuwa 20, ki ɗauka kamar hantsin hunturu a Jos, da yamma ta yi kuwa wajen ƙarfe shida rana ta faɗi sai sanyi ya sauko. Ruwan teku kuma yana ƙasa da digiri 20, ki tsoma ƙafa ki ɗauki hoto ki fito, maganar wanka ki bar wa tsofaffin Jamusawa. Nuwamba kuma tana cikin watannin da suka fi samun ruwan sama a can, to ki sa rigar sanyi da lema a jaka, kuma kafin ki biya ɗaki ki tambaya ko akwai na'urar ɗumama ɗaki, don gidajensu an gina su ne saboda zafi, tayil ɗin nan da asuba kamar ƙanƙara.

Ki nemi masauki a Benalmadena ko Fuengirola, garuruwan bakin teku ne kusa da Malaga, jirgin ƙasa mai lamba C1 yana ɗaukar mutum daga filin jirgi har can, ba sai kun yi hayar mota ba. Tikitin da kika gani kuma ki sake dubawa, su Ryanair da easyJet ƙaramar jakar da ke shiga ƙarƙashin kujera kawai ke cikin kuɗin, akwati sai kin ƙara biya, in kika bari sai a filin jirgi kuwa sai ya fi tikitin tsada.

*Ina da bizar Ingila, zan iya wucewa Sifaniya da ita ni da madam?*

A'a. Ingila ba ta cikin Schengen (rukunin ƙasashen Turai, har da Sifaniya, da ake shiga da biza ɗaya), ba ta taɓa shiga ba ma ko kafin su fice daga Tarayyar Turai. In koren fasfo gare ka sai ka nemi biza ko da shekara goma ka yi a Landan. Wannan tambayar sau huɗu ina amsa ta, don Allah ku riƙa komawa baya kuna karantawa.

*Anti barka da aiki. Ni ango ne daga Kano, ina so in kai amarya bakin teku a Sifaniya cikin Janairu. Wani ejan ya ce in ba shi miliyan biyu da rabi zai fito mana da biza tabbas, shi zai haɗa takardar banki da ta otal, kuma ya nuna min wani gida a Instagram mai kallon teku, rabin kuɗin otal, sai dai in tura kafin alƙalami yau-yau don wai wasu na nema. Ya kika gani?*

Ƙanina Allah ya sanya alheri, amma zauna, yau da kai zan yi. Kalmar nan “tabbas” ita ce ta fara tona masa asiri. Babu ɗan adam ɗin da ke da tabbacin bizar Schengen in ba jami'in ofishin jakadancin da zai buga hatimi ba, shi ma sai ya ga takardu. Kuɗin biza na hukuma yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, sai ɗan kuɗin aikin cibiyar da ke karɓar takardu, na Sifaniya BLS ke karɓa, sai inshorar lafiya da za ta ɗauki aƙalla yuro 30,000 wadda kuɗin sayenta na 'yan kwanaki bai taka kara ya karya ba. To ka lissafa da kanka a canjin Wapa na yau, ka ga ina ragowar miliyoyin za su tafi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wannan “zai haɗa takardar banki”. Haɗawa fa yana nufin jabu. Kuɗi ya shigo asusunka tim dare ɗaya bayan wata shida ana ganin dubu hamsin-hamsin, kana jin waɗanda ke duba takardu ɗaruruwa kullum ba su san wannan ba? Ko a yi maka ajiyar otal ta bogi a soke bayan kwana biyu, su kuwa wani lokaci har waya suke bugawa otal ɗin. In suka kama, ba ejan za a rubuta ba, sunanka da hoton yatsunka ne ke cikin rumbunsu har shekara biyar, kuma ƙasashen Schengen duka suna gani, gobe in aiki na gaske ko karatu ya taso maka a Faransa ko Jamus sai a ciro maka tsohon laifi. Shi kuwa ya ci kuɗinsa ya canza layi. Ka cike takardunka da kanka, ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, ka kai takardar aure da shaidar aikinka ko kasuwancinka na gaskiya, in an ba ka alhamdulillahi, in an hana ka yuro 90 na kowannenku da ɗan kuɗin cibiya ka rasa, ba kuɗin lefe ba. Kuma kar ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗi kafin biza ta fito.

Sai gidan Instagram. Wallahi duk wanda ya ce maka “yau-yau wasu na nema” a watan Janairu a Costa del Sol, wato gaɓar tekun Malaga, maƙaryaci ne, lokacin da masu gidaje ke roƙon baƙi? Hotunan nan satowa ake daga shafukan gaske. Na taɓa zuwa da wata ƙawata muka tsaya a ƙofar wani bene da akwatuna da daddare, lambar da aka ba ta ba ta shiga, mai gadin ya ce ita ce ta uku a watan. A yankin Andalus, inda Malaga take, gidan haya na 'yan yawon buɗe ido dole ya kasance da lambar rajista, ka nemi a ba ka ita, kuma ka biya ta cikin manhaja irin Booking ko Airbnb da kati, ba ta tura kuɗi asusun wani ba, ko da ya ce zai rage maka in kun gama a WhatsApp. Wannan ragin shi ne ƙugiyar.

Kuma tsakani da Allah ka yi lissafi. Daga Najeriya babu jirgi kai tsaye zuwa Malaga, sai ka bi ta Kasabalanka ko Istanbul, kwana ɗaya tafiya kwana ɗaya dawowa. Arahar hunturu ta waɗanda ke zaune a Turai ce da awa uku ke kai su, kai tikitinku biyu kaɗai ya haɗiye duk abin da ka rage a otal. In kana da hali ka mai da shi kwana goma, in kuma bashi za ka ci don amarya ta sa hoto a status, ka ajiye wannan shawara tukuna.

*Anti ni tsoro nake ji. Ina sa hijabi, ban taɓa fita waje ba, kuma an ce komai nasu da naman alade. Kar in je in ɓata wa mijina hutu.*

Haba ƙanwata, kwantar da hankalinki, ba za ki ɓata komai ba. Maroko na tsallaken ruwa, za ki ga mata da lulluɓi a kasuwa da cikin jirgin ƙasa ba mai ko kallonsu. Akwai masallaci a Fuengirola, akwai a Malaga, akwai na Sarki Abdul'aziz a Marbella. Maganar alade gaskiya ce, suna ci sosai, ki haddace kalmomi huɗu: cerdo, jamón, chorizo, sai manteca wato kitsen alade da suke sawa har a wasu kayan fulawa. Ki tambaya ba kunya. Gidajen abincin 'yan Maroko na halal suna nan da yawa, ga kuma kifi, akwai sardin da suke tsirewa a gasa da itace a bakin teku, espeto suke ce masa, ki tafi da ɗan yajinki a jaka don su gishiri kawai suka sani. Ki ce ya kai ki Alcazaba a tsakiyar Malaga, ganuwa ce da Musulmi suka gina tun ƙarni na 11, in da sarari ku ware yini guda ku je Granada ku ga Alhambra, fadar sarakunan Musulmi na ƙarshe da suka miƙa garin a 1492, tafiyar ba ta kai awa biyu a mota ba. Tikitinta sai an saya da wuri a shafinsu na hukuma, akwai lokacin shiga a rubuce, kuma ku riƙe fasfo.

*An ce ana samun jakar Gucci yuro 30 a bakin teku, guda nawa zan sayo na tsaraba?*

Ko ɗaya. Wadda aka shimfiɗa a zani a ƙasa, mai ita na waige-waigen 'yan sanda? Irinta na nan jibge a Kantin Kwari ba sai kin biya kuɗin akwati ba. Ki sayo man zaitun da almon, man kuma ki naɗe shi da leda biyu ki sa a akwatin da za a auna, in kika riƙo shi a hannu a wajen bincike za su karɓe.