Zaga Kurɗuba a ƙafa cikin yini ɗaya

Malam, ka tambaya ko yini ɗaya zai ishe ka zaga Kurɗuba ta Sifaniya a ƙafa. Sosai ma, lungunan tsohon garin sun fi daɗi da ƙafa. Fara daga hasumiyar Calahorra, ka tsallaka kogin Guadalquivir ta gadar Rumawa, sai ga babban masallacin da Sarkin Andalus Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen shekarar 785. Nan za ka daɗe, ginshiƙansa kaɗai abin kallo ne. Garin Imam Kurɗubi mai tafsiri ne fa! Sai dai tun 1236 ginin ya koma coci, ba a barin a yi salla a ciki. In a watan Yuli za ka, fita da sassafe, zafin yakan wuce digiri 40.