Gidan da babu zaure

Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya. Daren jiya a zaurenka na Koki, bayan an watse daga walima, ka tambaye ni yadda muke riƙe iyali a Kumasi a wannan zamani na waya, tunda ka ji an ce gidajenmu ko zaure babu. Ina fara ba ka amsa baƙi suka yi sallama. To ga sauran.

Ba a yi maka ƙarya ba. Gidan da aka haife ni a Aboabo ɗakuna goma sha huɗu ne suka kewaye tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, kowane ɗaki da iyalinsa. Ga mu jikokin fataken goro, ga Dagomba, ga Mosawa, har da wata Batoniya, wato 'yar ƙabilar Ashanti, mai zuwa coci ran Lahadi, kuma Hausa ce ke haɗa mu duka. Kulle irin na cikin birni ba ya yiwuwa a wurin da matan aure ke fita da tukunyar koko da ƙosai tun kafin gari ya waye. Aikin da zaure ke yi muku, mu idanu ne ke yi mana shi. Baƙo bai isa ya kai ƙofar ɗakin da ya nufa ba sai tsofaffi biyu ko uku sun tare shi sun ji ɗan gidan waye.

Talabijin ba ta taɓa wannan tsari ba, ƙara masa ƙarfi ma ta yi. Gana ta buɗe tasharta a 1965, amma mu sai ina ɗan makarantar allo mai gidan ya sayo guda. Bayan isha'i sai a fito da ita baranda a ɗora kan tebur, yara a tabarma, manya a benci, har maƙwabta su shigo da kujerunsu. Tasha ɗaya ce, ta gwamnati, kowa abu ɗaya yake kallo. Idan aka nuno abin kunya sai ka ji wata tsohuwa ta yi gyaran murya, yara mu sunkuyar da kai.

Waya ce ta kwashe mutane daga tsakar gida. Yanzu ƙarfe tara na dare za ka shiga ka tarar da benci babu kowa, sai ɗan haske kake hangowa ta bayan labule, ɗaki bayan ɗaki. Bara wani yaro ya turo magabatansa neman auren 'yar yayata, tsofaffin gida suka riƙe baki, don babu wadda ta taɓa ganin ƙafarsa. Ashe an yi wata takwas ana zance a WhatsApp. Duk da haka, Baffa, ba na iya zagin wayar gaba ɗaya. Yarinyar da ke kwana ɗaki ɗaya da mutum shida, wannan 'yar wayar ita ce kaɗai ɗakinta a duniya.

Inda ta fi girgiza mu shi ne wajen kuɗi. Samarinmu da yawa suna Italiya da Jamus da Amurka. A da idan ɗa ya aiko saƙo, hannun uwarsa yake fara shiga, ita ce za ta yanka wa matarsa kuɗin cefane. Tun da MTN ta kawo MoMo, tsarin tura kuɗi ta waya, a 2009 abin ya fara sauya, yau kuɗin kai tsaye yake faɗawa wayar matar, suruka ba ta san ko sidi nawa ba ne. Na ga gidan da aka raba tukunya a kan wannan, kowa da murhunta, ana gaisawa sama-sama.

Sai kuma abin da zai ba ka dariya. Ka san Hausarmu ba ta raba mace da namiji, "Amina ya zo" muke cewa, shi ya sa jikokinka ke ƙunshe dariya idan na saki baki. To tun da Arewa24 ta shigo ɗakunanmu, ga TikTok, yaranmu Kananci suke kwaikwayo. Rannan Hajiya ta ce "amarya ya iso," sai jikarta 'yar shekara tara ta ce, "Kaka, ta iso ake cewa." Hajiya ta jefe ta da mafici, ta ce ubanta ma da ya taso daga Kano da jakai bai taɓa gyara mata magana ba.

Ita ce ma ta ce kada in baro Kano sai na kira ta da bidiyo daga zauren nan, ta ga wurin da mahaifinta ke ba su labari. In ba ka da uzuri gobe bayan la'asar mu kira ta, agogonmu yana bayan naku da awa ɗaya, lokacin ta gama sallamar masu sayen goro.